Yadda Ake Tsara Rubutacciyar Waƙa a Karkara, Daga Kari Zuwa Zayyana

Mutane da yawa a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa suna da waƙa a ƙirji, amma sun ɗauka sai wanda ya karanci Hausa a jami'a ko wanda ya gaji kiɗa a gidansu ne ke da ikon tsara ta. Ba haka abin yake ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana yaro, da ka ya tsara dogayen waƙoƙinsa, wasu suka rubuta masa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Mu'azu Haɗeja, ɗan ƙasarmu, malamin makaranta ne da ke aikinsa yana waƙarsa. Abin da ake bukata shi ne kunne mai jin nauyin magana, da haƙurin gyara. Kunne ne gaba, alƙalami yana biye, kuma a kan wannan na gina duk abin da zan faɗa.

Rubutacciyar waƙa nake nufi, wadda ake tsarawa baiti-baiti a rera ba sai da makaɗa da 'yan amshi ba. Ita ce ta bunƙasa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, lokacin da malamai suka ga karatu ya fi zama a kan mutane idan an rera shi. Nana Asma'u, 'yar Shehu, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun malamai mata masu zagaya ƙauyuka da ake kira jaji, da ɗalibansu 'yan taru. Don haka 'yar'uwa, ke ma wannan bayani naki ne, ko da na riƙa cewa "ka" don sauƙin magana.

Fara da saurare

Kafin ka rubuta ko ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na waƙa, ka ba kunnenka abinci. Ka saurari masu begen Annabi da daren Mauludi, ka saurari tsofaffin waƙoƙin wa'azi da ake sawa a rediyo, ka saurari luguden mata a bakin turmi da gangar noma ranar gayya. Kada ka bi ma'anar kalmomi a wannan mataki. Bi bugun kawai: ina murya ke tsayawa, ina take gudu. Ka zaɓi waƙa ɗaya da ta kama ranka ka haddace baiti biyar ko shida, ka riƙa rera su a hanyar gona har su zauna. Daga nan sai ka cire kalmomin, ka rera muryar zalla da "la-la-la". Abin da ya rage a bakinka bayan an cire kalmomi shi ne kari.

Aron kari ba sata ba ne. Tun da can mawaƙa suna ɗora sababbin kalmomi a kan karin da jama'a suka sani. Satar ita ce ka kwashi baitin wani ka ce naka ne.

Jigo

Jigo shi ne abin da waƙar take magana a kai. Mai farawa yakan so ya haɗa duniya duka a waƙa ɗaya: ilmi, zumunci, siyasa, mutuwa. Ka guji wannan. Ɗauki abu guda da ka sani da idonka, irin su saukar ruwan shuka, ambaliyar da ta cinye shinkafa a fadamar Haɗeja, cin kasuwar Maigatari, ko kewar ɗan'uwa da ya tafi ci-rani. Idan ba za ka iya faɗin jigonka cikin jimla ɗaya ga yaro ya gane ba, bai nuna ba tukuna.

Kari, inda aikin yake

A nan zan daɗe, domin nan ne waƙoƙin masu farawa suke karyewa.

Maganar Hausa gaɓa-gaɓa ce, kuma gaɓoɓin iri biyu ne. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar *da*, *mu*, ko *ru* na farkon *ruwa*. Akwai mai nauyi, ita kuma tana zuwa ta fuska uku: baƙi da dogon wasali, kamar *go* na *gona*; baƙi da tagwan wasali, kamar *yau* da *kai*; ko baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe, kamar *nan*, *don*, *sun*. Kari ba komai ba ne illa jera waɗannan biyu bisa tsari ɗaya da ke maimaituwa. Don sauƙi, mu kira marar nauyi "ta", mai nauyi "tam".

Ilmin auna wannan shi ake kira aruli. Khalil bn Ahmad na Basra ne ya tsara shi a ƙarni na 8 don waƙoƙin Larabci, karuruwansa kuma 16 ne idan an haɗa da wanda aka ƙara bayansa. Malamanmu sun ɗauki wasu daga ciki suka ga sun zauna wa Hausa daram, saboda ita ma tana bambanta dogon wasali da gajere. Za ka ji ana ambaton Kamil, Wafir, Ramal, Rajaz, Basiɗ da Mutaƙarab. Duk wanda ya taɓa rera Burda ya riga ya rera Basiɗ, ko bai san sunan ba. Ba sai ka haddace su duka ba. Shawarata ga mai farawa ita ce Mutaƙarab, domin ƙafarsa, wato rukunin gaɓoɓin da ke maimaituwa, gajera ce kuma kunne na saurin kama ta: ta-tam-tam. Masu aruli suna cewa *fa'ulun*. A jera ta sau uku, a rufe da ta-tam, an sami ɗango:

ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam-tam, ta-tam.

Ka tafa wannan da hannu sau da yawa kafin ka nemi kalma. Idan ya zauna, sai ka fara gwada magana a kansa. Ga wanda na tsara don misali, a kan ruwan shuka:

Gabas ta haɗe yau ruwa ya zubo,
Mu ɗau sungumi don mu nemo rabo.

Yanzu mu yanka ɗangon farko mu gani. *Ga-bas-ta* ta-tam-tam ne, domin *ta* ɗin nan doguwa ce a baki. *Ha-ɗe-yau* ta-tam-tam. *Ru-wa-ya* ta-tam-tam. *Zu-bo* ta-tam. Na biyu ma haka: *mu-ɗau-sun*, *gu-mi-don*, *mu-ne-mo*, *ra-bo*. Ka lura yanka ba ya bin iyakar kalma. *Sungumi* ya rabu gida biyu, *sun* ya tafi ƙafar farko, *gumi* ya shiga ta biyu. Wannan daidai ne, kunne ba ruwansa da inda aka bar fili a takarda.

To, gwada canza kalma ɗaya. Ka ce "Gabas ta haɗe yau ruwa ya sauka." Ma'ana ba ta canza ba, amma rera shi ka ji. Harshe zai yi tuntuɓe a ƙarshe, domin *sau* mai nauyi ce, ta zauna a gurbin marar nauyi. Wannan shi ne karyewar kari. Mai saurare ko bai san aruli ba zai ji wani abu ya goce.

Akwai tarko babba a rubutun boko: ba ya nuna tsawon wasali. *Gari* na mazauni da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko ta-tam ne, na biyu tam-tam. Haka *ya* da *ta*. A "ruwa ya zubo" *ya* doguwa ce. A "lokacin da ruwa ya zubo" ta gajarce. Wanda ya auna waƙarsa da ido zai ga kamar komai ya daidaita, alhali ta karye. Masu ajami sun fi mu sauƙi a nan, domin suna nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya. Idan da boko kake rubutu, ka ninka wasalin a takardar gwaji, ka rubuta *ruwaa yaa zuboo*, sai ka mayar da shi daidai a kwafin ƙarshe. Kuma kada ka amince da ɗangon da ba ka furta da ƙarfi ba.

Sassauci biyu zan ambata. Gaɓar ƙarshen ɗango ana iya jan ta ko da asalinta gajera ce. Sannan a wasu karuruwa, kamar Kamil da ƙafarsa ke tafiya ta-ta-tam-ta-tam, ana iya maye marasa nauyi biyun farko da mai nauyi ɗaya. Amma ka bar irin wannan sai ka yi waƙoƙi da dama a kari ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ja wasalin da Bahaushe ba ya ja, ko a datse wanda yake ja, don kawai kalma ta shiga. Idan kalma ta ƙi zama, nemi 'yar'uwarta. Hausa ba ta rasa kalmomi ba.

Zubi da amsa-amo

Kowane layi ɗango ne, tarin ɗangwaye kuma baiti. Waƙa mai ɗango biyu a baiti ita ce 'yar ƙwar biyu, akwai ƙwar uku, ƙwar huɗu da ƙwar biyar. Mai ɗango ɗaya tak ana ce mata gwauruwa. Fara da ƙwar biyu.

Amsa-amo, wanda wasu ke kira ƙafiya, shi ne sautin da ƙarshen ɗangwaye ke haɗuwa a kai. Babban amsa-amo yana zuwa a ƙarshen kowane baiti, ba ya canzawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ƙarami yana cikin baiti, yana iya canzawa daga wannan baiti zuwa wancan, kuma an fi ganinsa a ƙwar huɗu da ƙwar biyar. A misalina na zaɓi *bo*, don haka baiti na biyu dole ya sauka a kansa:

Ƙanena yana bi yana sa iri,
Gumin nan da shi za mu samo kwabo.

Amma *bo* ƙuntataccen amsa-amo ne. Bayan *zubo*, *rabo*, *kwabo*, *tabo*, *sabo*, *ɗebo*, sai ka fara lalube. Saboda haka kafin ka ɗaure kanka, ɗauki takarda ka jera duk kalmomin da ke ƙarewa da sautin da kake so. Idan ba su kai yawan baitocin da kake nufi ba, canza tun da wuri. *Ya*, *wa*, *na*, *ra* da *ba* suna da yalwa, shi ya sa dogayen waƙoƙi suka fi zama a kansu. Maimaita kalma ɗaya a ƙarshen baitoci masu maƙwabtaka rauni ne, sai in da gangan ka mayar da ita amshi.

Idan hannunka ya faɗa, akwai tahamisi: ka ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ka ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti ya zama biyar, cikin karinsa, kana ambaton mai asalin waƙar. Makaranta ce mai kyau, domin tana tilasta maka tafiya da takun wanda ya fi ka.

Mabuɗi, ciki da marufi

Al'adar rubutacciyar waƙa ita ce a buɗe da sunan Allah da salatin Annabi, baiti ɗaya ko biyu. Daga nan a furta jigo a fili, mai saurare ya san inda aka dosa. Sai warwarar jigo, inda kowane baiti zai kawo abu sabo. A waƙar shuka, misali, ka bi aikin yadda yake: sara da binne iri, tsiro, noman firi, maimai, fitar kai, korar tsuntsaye, girbi, ɗaurin dami. Jerin aikin da kansa ya ba ka ƙashin waƙar. A marufi akan koma ga godiya da addu'a, mawaƙi ya faɗi sunansa da garinsu, wani lokaci da yawan baitocin.

Waƙar farko kada ta wuce baiti goma sha biyu zuwa ashirin.

Game da adon harshe, littattafan nazari suna ambaton kamance, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa da sauransu. Suna da amfani, amma ra'ayina shi ne mai farawa ya fi bukatar idonsa fiye da sunayen nan. Kowa ya iya cewa damina albarka ce. Wanda ya ce ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi sun kwana suna kuka a kududdufi, cinnaka sun fito da ƙwansu, shi ne ya sa mai saurare ya ji daminar a jikinsa. Karin magana ɗaya a wurin da ya dace ya fi biyar da aka cusa. Kalmomin Larabci da Ingilishi kuma a sa su in an rasa na gida ko in haka mutane ke faɗa, ba don nuna ilmi ba.

Rerawa da kiɗa

Waƙar da ba a rera ba ba ta gama haihuwa ba. Kari ɗaya yana iya ɗaukar muryoyi da yawa, mai sanyi ko mai zafi, don haka ka gwada biyu ko uku ka ga wadda ta dace da jigo. Ta'aziyya ba ta son muryar gayya. Ka kula kuma da hawa da saukar sautin kalma. Idan muryar da ka zaɓa tana ɗaga gaɓar da Bahaushe ke saukarwa, kalmar za ta fito baƙuwa, wani lokaci ma'anarta ta juya. In haka ta faru a wuri ɗaya, canza kalma. In ta faru a wurare da yawa, canza murya.

Ɗauki muryarka a waya da dare, lokacin da gari ya yi shiru, ka saurara da safe. Za ka ji inda numfashi ya yanke a tsakiyar ɗango, da inda ka yi sauri don ka ɓoye gaɓar da ta yi yawa.

Rubutacciyar waƙa ta ishi kanta ba tare da kiɗa ba, kuma gidaje da yawa a wajenmu sun fi natsuwa da ita a haka. Wanda yake son ya ɗora mata kiɗa, ya fara da tafi, ko ƙwarya a kife a kan ruwa kamar yadda mata ke yi. Idan kana son kalangu, gurmi ko garaya, je wurin makaɗin garinku da ladabi, ka rera masa, ka bar shi ya nemo bugun da kansa. Ya fi ka sanin fatarsa da tsirkiyarsa. Ka kuma yi masa ihsani, domin kai nishaɗi kake yi, shi kuwa sana'arsa ce. In za a sa kiɗa, yana da kyau ka ware ɗango ɗaya ko biyu su zama amshi, don jama'a su sami abin kamawa.

Gyara

Ajiye waƙar kwana biyu ko uku, sannan ka dawo mata. Yadda manomi ke cire gero, ya bar ƙwarara biyu ko uku a rami ya tuge sauran don su sami wurin girma, haka za ka yi wa baitocinka. Duk baitin da ya maimaita na gabansa, ko wanda amsa-amo ne kawai ya kawo shi, cire shi ko da kana son sa.

Daga nan kai ta wurin mutum biyu. Na farko malamin da ya san aruli, ko na zaure ko mai koyar da Hausa a sakandare. Ka ce, "Allah gafarta Malam, ga wata 'yar waƙa na tsara, a duba mini inda ta karye." Ka roƙi gyara, kada ka roƙi yabo. Na biyu tsohuwa a gida wadda ba ta karatun boko. Ka ce, "Inna, saurari wannan." Idan ka gama ta iya maimaita maka ɗango ɗaya, wannan ɗangon ya tsaya. Inda ta ce "me ka ce a nan?", wurin yana son aiki. Abokai na majalisa su zo daga baya, su yawanci "ta yi" kawai za su ce.

Hattara da zambo da habaici a kan mutumin da ake iya ganewa. A ƙauye kowa ya san kowa, kuma baitin da ya shiga bakin yara ba ya fita.

Rubutawa da zayyana

Kwafin ƙarshe ya cancanci ado, kuma nan ne mai sha'awar zane zai sami nasa rabon. Zane ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A duwatsun Birnin Kudu akwai tsofaffin zanen shanu waɗanda mutanen zamanin da suka bari, ga dagi a bangon soraye, ga zayyanar allon sauka, ga sassaƙar ƙwarya. Ka je ka zauna kusa da mai zayyana ka ga yadda yake raba fili kafin ya sa launi.

Samu farar takarda mai kauri. Ja layi biyu a kewaye da fensir da abin ja-layi, ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Raba tazarar gida-gida daidai wa daida, ka cika kowane gida da siffa ɗaya mai maimaituwa, ko dagi, ko murabba'i a cikin murabba'i, ko igiya mai sarƙa. Fara da baƙi, ka bari ya bushe sarai, sannan ja, sannan ruwan ɗorawa ko kore. Launi uku sun isa. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro an yi ta ne don a wanke, saboda haka ka tambayi alaramma irin wadda yake rubutu da ita a takarda, ko ka yi amfani da biro mai kyau. Rubuta baitocin a tsakiya, ɗango na biyu ya ɗan shiga ciki, ka bar fili tsakanin baiti da baiti. Ado ya tsaya a gefe, kada ya hau kan rubutu.

In kana son bin sawun magabata, rufe da ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar cikin haruffan Larabci. A lissafin da malamanmu ke bi, shin 1000 ne, ta 400, mim 40, zayi 7. Shekarar Hijira 1447 ke nan za ta fito *shatmaz*, sai ka nemi yadda za ka saka ta a baitin ƙarshe ba tare da kari ya karye ba. Ka sa malami ya duba maka lissafin, domin ƙimar wasu haruffa a tsarinmu ta bambanta da ta mutanen Gabas.

Yi kwafi biyu. Ɗaya ka sa a leda ka ajiye a akwatin ƙarfe, nesa da bango da ƙasa saboda gara da danshin damina. Ɗayan ka ba wani amintacce a wani gida. Ka ɗauki hoton takardar a waya, ka haɗa da muryar da ka rera, ka tura wa ɗan'uwa ko aboki ta WhatsApp, don in wayarka ta lalace akwai inda za a samo. A bayan takardar ka rubuta sunan karin da ka bi da ranar da ka gama.